LAFIYA UWAR JIKI: Doguwar Tafiya Da Mai Buƙatar Iskar Oksijin

   

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan watan shi ne ziyarar da wata ƙanwata ta kawo mini nan Funtua. Tana aure a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi. Bayan mun gaisa sai na ga jikinta a sanyaye. Da na matsa mata, ta ce, "Yaya, maigida da 'yan'uwansa sun sayar da masara da waken suya a kasuwar Bakori, sun haɗa kuɗi za su biya wa Inna kujerar Makka. Kin kuwa san Inna shekara biyu ke nan ba ta kwana sai da robar oksijin a hanci. To sun ce in an je gwajin lafiya kada in ce uffan, wai a cire mata robar ranar, ta daure."

Na ce mata, "Ke kike tashi cikin dare in numfashinta ya sarƙe, ko su?" Ta ce ita ce. Na ce to ashe ke kika fi kowa sanin gaskiyar jikin Inna, kuma shirunki a nan ba biyayya ba ce.

Na san wannan magana ba ta gidansu kaɗai ba ce. A ƙasarmu ta noma, da zarar amfani ya shigo, buri na farko na ɗan kirki shi ne ya sauke wa mahaifiyarsa farali, ko ya kai ta Umara, ko ya kai ta asibiti Masar ko Indiya. Iyayen namu kuwa da yawa ƙirjinsu ya gaji. Wata shekara 40 tana fura wuta a murhu cikin rufaffen madafa, wata tarin fuka ya bar mata tabo a huhu, wata ciwon zuciya ne ya kama ta tun wani jego, wani dattijon kuma ƙurar auduga ya shaƙa shekara da shekaru. Ga kuma 'ya'yanmu masu sikila, su ma ƙarancin iska maƙiyinsu ne.

Me ke faruwa a cikin jirgi?

Iskar da muke shaƙa a ƙasa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. In jirgi ya lula sama, iskar da ke cikinsa takan koma kamar ta kan dutsen da tsawonsa ya kai mita 1,800 zuwa 2,400. Abin da jiki ke samu a nan daidai yake da a ce oksijin ya ragu zuwa kamar kashi 15. Mai lafiya ba ya ma lura, iyakarta ya yi hamma ya yi barci. Amma wadda tun a ɗakinta da ƙyar iskar ke isarta, wannan ragin zai iya sa ta suma ko zuciyarta ta kasa. Robar nan da ake cewa za ta faɗo daga rufin jirgi kuwa ta hatsari ce, ta 'yan mintoci, ba a ba marar lafiya ita.

Maganar Hajji

A nan sai mun yi haƙuri da juna. A cikin sharuɗɗan lafiya da Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta fitar domin Hajjin 2025, an lissafa cututtukan da mai su ba zai zo aikin Hajji ba. Daga ciki akwai ciwon huhu mai tsanani wanda sai da oksijin, ko kullum ne ko jefi-jefi, da ciwon zuciya da ke sa haki a ɗan ƙaramin motsi, da ciwon ƙoda da ya kai ga wankin ƙoda. Ba don ƙeta aka yi ba. A Hajjin 2024 zafi a Makka ya haura digiri 51, kuma hukumomin ƙasar sun ce mutum 1,301 suka rasu. Ki duba Mina da Arfa da Muzdalifa, ki duba cunkoso da jiran mota, sannan ki tambayi kanki ina za a caja na'ura.

Allah bai wajabta Hajji ba sai ga mai iko, kuma lafiya tana cikin ikon. Game da ko ɗa zai iya yi wa mahaifiyarsa da ke raye, malamai sun yi saɓani, don haka maigida ya je ya zauna da malamin da ya amince da shi. Abin da babu saɓani a kai shi ne ƙarya a gaban likita ba ta zama lada.

Umara da tafiyar asibiti sun fi sauƙi, domin ana iya zaɓen lokacin sanyi, a kauce wa cunkoson azumi, a yi ɗawafi da sa'ayi a keken marasa lafiya. Sa'ayi kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, kada a ce ta gwada da ƙafa. Ita ma Umara tana da nata sharuɗɗan lafiya da ake sabuntawa, sai a sa ejan ya kawo na shekarar a rubuce kafin a biya ko kwabo.

Likita kafin tikiti

Wata guda ko fiye kafin tafiya, a kai ta wurin likitan ƙirji ko na zuciya, kamar a Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A gaya masa komai: ƙasashen da za a bi, awoyin tashi, da kwanakin da za a yi. Shi zai faɗi ko ta isa tashi, shi kuma zai rubuta lita nawa za a ba ta a minti a ƙasa, nawa a sama, domin galibi akan ƙara a cikin jirgi. Wadda tun a gida take buƙatar fiye da lita 4 a minti, likitoci kan ba da shawarar ta haƙura da jirgi. Kada ke ko maigida ku murɗa lambar da kanku, don akwai masu ciwon huhun da yawan oksijin ke yi wa illa.

Ki sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai nuna yawan oksijin a jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, amma masu daɗaɗɗen ciwon huhu likita kan ce a tsaya tsakanin 88 da 92. Ki tambayi lambar da ta dace da taki majinyaciyar. Ga kuma wani abu da mu mata ya shafa: baƙin lalle da fentin farce kan rikita na'urar. In za a yi wa Inna ƙunshin tafiya, a bar mata yatsa ɗaya ko biyu.

Tukunya ko na'ura?

Yawancin kamfanonin jiragen sama ba sa yarda fasinja ya shigo da tukunyar oksijin ta gida. Abin da aka fi karɓa shi ne ƙaramar na'urar tace iska mai batir, wadda ake ratayawa kamar jaka. Tana jawo iskar wuri ta ware oksijin, don haka ba ta ƙarewa sai dai batir ya mutu. A duba jikinta a ga shaidar cewa ta cika ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Amurka, wato FAA, don ita ma'aikata ke nema. Wasu kamfanonin kuma sukan sayar da oksijin nasu a cikin jirgi in an nema tun da wuri, amma wannan daga tashi ne zuwa sauka, bai haɗa da zaman jira ba.

Ƙananan na'urorin ba sa busa iska a jere, sai mutum ya ja numfashi suke turo ta. Ba kowane majinyaci wannan ke isa ba, musamman a cikin barci. Saboda haka a samo na'urar da wuri, Inna ta yini da ita ta kwana da ita a gida, kina duba lambar yatsa, kafin a amince mata a sararin sama.

Akwai fom da ake kira MEDIF wanda likita ke cikawa, a miƙa wa kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi, wasu ma sun fi son 72. In jirage biyu za a hau na kamfanoni daban, kowanne sai an nemi izininsa. Kada a tsaya a kan "ejan ya ce an gama". A karɓi takardar amincewa a hannu, a yi mata kwafi.

Ƙidayar awoyi

Nan ne aikinki, uwargida, domin mu muka saba auna tsaba ta kai wata. Ƙa'idar yawancin kamfanoni ita ce batir ya kai tsawon tashi da rabinsa. Daga Kano zuwa Jidda kai tsaye kusan awa 5 ne, ke nan batirin awa 7 da rabi. Amma tafiya ba a bakin jirgi take farawa ba. Ɗauki takarda ki rubuta: daga ƙofar gida zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina awa nawa, jiran jirgi awa nawa, layin duba fasfo a Jidda, sannan mota zuwa masauki a Makka. Sau da yawa sai ki ga lissafi ya kai awa 14 ko fiye, ban da jinkirin jirgi da muka saba da shi.

A mota, a yi amfani da tukunya ko wayar cajin mota, a adana batir. Lissafin tukunya ba wuya: a raba litar da ke cikinta da litar da ake sha a minti. Mai cin lita 680, in ana shan lita 2, za ta yi minti 340, wato awa 5 da minti 40. A ɗaure ta da kyau, kada a bar ta tana gangara ko a rufe ta cikin mota a rana. Sauran batura kuma a jakar hannu ake sa su, kowanne a rufe bakinsa, ba a sa su cikin kayan awo. A nuna wa kamfani girmansu tun farko, don manya suna da iyaka.

In za a ratsa ƙasashe

Tikiti mai araha yakan bi ta wata ƙasa. To ki sani, birnin Adis Ababa na Habasha yana kan tudun da ya haura mita 2,300. Wadda ta sauka can tana jiran wani jirgi, huhunta bai huta ba, kamar har yanzu tana sama ne. Alƙahira da Dubai kuwa a ƙasa suke. Haka nan Ɗa'ifa, inda ake yawan kai masu Umara ziyara, ta kai mita 1,800, don haka a bar Inna a masauki ranar. In da hali, jirgin kai tsaye ya fi, ko da ya fi tsada.

Sai batun wuta. Soket ɗin Saudiyya irin namu ne mai baki uku, amma na Masar mai baki biyu ne zagayayye, Indiya ma nata daban, sai a tafi da mahaɗi. Babbar na'urar gida mai jona wuta ba lalle ta dace da wutar Saudiyya ba, domin tasu mai lamba 60 ce tamu 50, kamar yadda ake rubutawa a bayan na'ura. Ya fi a shirya hayar wata a can, a tabbata tana ɗaki kafin a isa. A riƙe lambar motar asibiti ta Saudiyya, 997. Tsakanin Makka da Madina kuma jirgin ƙasa na Haramaini, da aka buɗe a 2018, yana yin tafiyar cikin kamar awa 2 da rabi, ya fi doguwar mota sauƙi ga majinyaci.

Kakanninmu ta Sawakin da Fot Sudan suka riƙa tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa. Yanzu har jiragen ruwa na shaƙatawa ake da su, irin Aroya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, masu yawo da iyali ƙasa-ƙasa. A kan teku iska ba ta raguwa, wannan alheri ne. Sai dai oksijin ɗin ɗakin shan maganin jirgi na gaggawa ne, fasinja shi ke zuwa da nasa bayan ya sanar da kamfani, kuma in ciwo ya tashi a tsakiyar ruwa asibiti na da nisa.

Hattara da wuta

Oksijin yana sa wuta ta ci da ƙarfin da ba a zata. Kada a kawo kaskon turaren wuta, ko risho, ko gas ɗin girki kusa da mai robar hanci, a gida ne ko a masauki. Kada a shafa mata basilin ko man kaɗanya a hanci don bushewa, a nemi na ruwa a kemis. Magungunanta duka su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu, tare da takardar likita da Turanci.

Ƙanwata ta koma gida, ta sami maigidanta shi kaɗai bayan sallar isha'i, ta ce, "Malam, Inna uwata ce kamar yadda take uwarka. In muka ɓoye, abin ya faru a sama, da wane ido za mu dubi juna?" Bai ce mata komai ba a daren. Da safe ya ce ta shirya Inna, za su Shika. Har yanzu suna jiran abin da likita zai yanke, kuɗin kuma suna nan a ajiye. Ku sa su a addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya ladan haƙuri, Ya kira mu ɗakinSa da ƙafafunmu. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.