'Yargalma: Wa Ke Da Alhakin Lafiyar Mai Haƙar Zinare?

A watan Maris na shekarar 2010, jami'an ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ke sintirin cutar sanƙarau a yammacin Jihar Zamfara suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An ba yaran maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi aiki ba, sai da aka auna jininsu aka gano gubar dalma ce. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta gudanar tare da jami'an lafiya na Nijeriya a 'Yargalma da Dareta ya nuna cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara guda, wato yaro ɗaya cikin kowane huɗu. A ɗaukacin yankin kuwa, an ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyayensu haƙuri.

Mai karatu, akasarin abin da aka rubuta kan wannan masifa ya tsaya ne kan yaran, kuma sun cancanci haka. Ni kuwa yau ina so mu dubi uban yaron, wato leburan da ke cikin rami da wanda ke tsaye bakin injin niƙa, domin ta hannunsa da tufafinsa ƙurar ta shiga gida.

Yadda abin ya faru a fili yake. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka ajiye galma suka nufi daji, alhali dutsen da suka tarar yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana fasa shi da guduma, a niƙa shi a bushe a irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba, sannan a ƙona. Wani sashe na aikin kuma a tsakar gida aka riƙa yin sa, mata na daka dutse a turmi, yara na rarrafe a gefe. A wasu wuraren an auna dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan a turɓaya, alhali ƙa'idar Amurka ta wancan lokaci ga unguwar zama 400 ce. Jikin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, shi ya sa yara suka fara faɗuwa. Amma babban ma bai tsira ba, domin dalma na jawo hawan jini da ciwon ƙoda da raunin haihuwa ga namiji da ɓari ga mace, ƙurar dutsen kuma tana daskarar da huhu, ta share wa tarin fuka hanya.

An yi aiki bayan haka, kuma wajibi ne a yaba. An kankare turɓayar gidajen 'Yargalma da Dareta a 2010, an zuba sabuwa, an yi wa yara magani a asibitocin Anka da Bukkuyum. Bagega kuwa sai da ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin tsabtace ta. To amma shara da magani suna zuwa ne bayan ɓarna ta auku. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta ci yara 28, wanda ya nuna cewa ba a taɓa tushen matsalar ba, wato yadda ake gudanar da aikin kansa.

Akwai masu ra'ayin cewa a hana haƙar baki ɗaya kowa ya huta. An gwada. A watan Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka ɗage haramcin a Disambar 2024. Ko shakka babu, wanda yunwa ta kora rami takardar doka ba za ta fito da shi ba. Abin da haramci kan haifar shi ne ɓuya, kuma wanda ke aiki a ɓoye ba ya zuwa a auna jininsa, ba ya kai rahoto idan rami ya rufta, wani lokaci ma cikin ɗaki yake komawa da dutsen, inda haɗarin ya fi muni.

Hanyoyin kariya kuwa sanannu ne, kuma ba su fi ƙarfin talaka ba. A jiƙa dutse kafin a niƙa shi, a keɓe wurin niƙa nesa da gari da rijiyoyi, a ajiye tufafin aiki a wurin aiki, a yi wanka kafin a koma gida, kada a ci abinci ko goro da hannu mai ƙura, kada yaro ko mai juna biyu su kusanci wurin. Gwajin da MSF da ƙungiyar OK International suka yi a Jihar Neja ya nuna cewa fesa ruwa lokacin niƙa yana rage dalmar da ke cikin iska da kusan kashi 95 cikin 100. Riga-kafi dai ya fi magani.

Wani hanzari ba gudu ba, a matsayina na mai nazarin harshe ina ganin saƙon kansa yana buƙatar gyara. Idan aka ce wa Bahaushe guba, abin da ke zuwa masa a rai shi ne abin da ake sha a faɗi nan take. Dalma ba ta da wari, kuma takan yi shekaru a ƙashin mutum yana ta harkokinsa. Saboda haka lebura yana jin sanarwa, ya dubi jikinsa garau, ya ce ƙarya ce ake yi don a raba shi da abincinsa. Ya kamata a yi masa bayani da misalin da ya sani, kamar gara da ke cin azara ta ciki, a kuma faɗa masa da Zamfarcinsa ta bakin limaminsa da hakiminsa da gidan rediyon da yake saurare. Allon gargaɗi da Turanci a bakin rami ado ne kawai.

Sai batun alhaki. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisin ƙananan mahaƙa, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki. Leburan 'Yargalma da ake biya a wuni ba ya cikin rajistar kowa, don haka dokokin nan ba su san da zamansa ba. A ganina, nauyin farko yana wuyan mai injin da mai ramin da dillalin da ke sayen zinaren, tunda su ke kwashe riba mafi tsoka. Kada a bar inji ya tashi sai da ruwa da wurin wanka. Gwamnatin jiha ta sanya awon dalma cikin ayyukan yau da kullum na asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi, ga manya da yara, musamman ganin MSF ta miƙa wannan aiki ga hukumomin jihar tun 2022. Ma'aikatar ma'adinai ta tarayya ta yi wa mahaƙa rajista a ƙungiyoyin gama-kai cikin sauƙi, masarautu kuma su tsaya kan hana shigo da dutse cikin gari.

Shi ma ɗan'uwana lebura ina da magana da shi. Neman halal ibada ce, amma lafiyarka amana ce, ta iyalinka ma haka. Wankan minti goma a bakin aiki ya fi maka jinyar shekara goma, kuma ƙwaƙwalwar yaron da dalma ta taɓa babu zinaren da zai maido da ita. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, mu kuma Ya sa mu dace, amin.