Idon makaho ma yana buƙatar magani

Iskar hunturu ta fara kaɗawa a Kurfey, kuma duk wanda ya ratsa kasuwar Lahadi ta Filinge a wannan lokaci ya san yadda ƙura take cika ido. Mai awon gero yana ƙifce-ƙifce, dillalin shanu yana share hawaye da bakin rawani, makahon da ke bin ɗan jagoransa shi ma yana ƙifta ido kamar kowa. Yara kan tambaya: wanda ba ya gani, me ya haɗa shi da ƙiftawa? Manya da yawa ma haka suke zato, kuma zaton nan yana cutar da mutane.

Ƙiftawa ba don gani ake yin ta ba. Tantanin nan mai haske da ya rufe baƙin ido ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, da hawaye yake rayuwa, ta cikinsu yake samun danshi da iska. Babba yana ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti, kuma kowane karo fatar ido tana shimfiɗa sabon hawaye, haɗe da ɗan maiƙo da ke tsattsafowa daga bakinta don kada idon ya bushe, ta kuma share ƙurar da ta faɗa. Jijiyar da ke jin an taɓa ido daban take da wadda ke kai gani ga ƙwaƙwalwa. Don haka wanda hawan jinin ido ya ɗauke wa gani, idonsa yana nan da rai: yana bushewa, yana zafi, yana yin miki. Abin da ya rasa shi ne runtsewar da mai gani ke yi in ya hango abu ya nufo shi. Ƙaiƙayin masussuka da reshen aduwa sai sun taɓa shi yake sani.

To amma a gidajenmu, da zarar an ce "ido ya mutu", an sallama shi ke nan. Za ka iske tsohuwa makauniya zaune gefen murhu, hayaƙi na shiga idonta, kwantsa ta daskare, ƙuda na sauka, babu mai tunanin kai ta likita, wai tunda ba gani za ta yi ba. Zafin fa? Shi bai tafi tare da ganin ba. Haka wanda kuturta ta raunana wa jijiyar rufe ido, yana barci idon a buɗe har ya ƙeƙashe.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne amodari. In ya daɗe yana dawowa tun yarinta, cikin fatar ido yakan yi tabo, ta lanƙwasa, gashin ido ya juya ciki. Daga nan kowace ƙiftawa karce ce, sau dubbai a wuni, har hakiya ta rufe ido. Mata ya fi kamawa, domin su ke tare da yara. Iyayenmu kan ajiye hantsaki a ƙulle a bakin zane suna tsige gashin, ya sake tsirowa ya ci gaba da suka. Alhali aikin gyaran fatar gajere ne, bai kai awa ba, kuma hukumar kula da lafiyar ido ta ƙasa, tare da cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller, sun daɗe suna yin sa kyauta a Nijar. Ko wadda ganinta ya riga ya tafi, aikin zai raba ta da wannan azaba.

A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da cutar makanta ta bakin kogi, ta farko a Afirka. Ƙasar da ta iya wannan za ta iya duba idon da ya riga ya makance. Ina roƙon ma'aikatan lafiya na Shikal da Tukunus da Bonkuku, in an kawo makaho ko da don zazzaɓi ne, su ɗaga fatar idonsa su duba. A gida kuma a wanke masa fuska da ruwa mai tsabta safe da yamma, a matsar da tabarmarsa daga bakin murhu.