Mubi ba ta rasa baƙi ba, tsari ta rasa

Rubutun da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a fara jifa.

Duk ranar da aka taso da zancen yadda za a bunƙasa Mubi, ko a nan Facebook ko a teburin mai shayi, amsar guda ce: a gina mana katafaren otal, a yi filin jirgi, a yi wurin shaƙatawa, Turawa su zo kallon duwatsu su zubar da dala. Ni dai ban yarda ba. A ganina wannan tunanin ne ma yake sa mu tsallake arzikin da ke ƙofar ɗakinmu muna hangen wanda ke bayan dutse. Baƙin da ake ta addu'ar su zo, ai sun riga sun zo. Kullum suna cikin garin nan. Ba mu dai taɓa zama mun ƙirga su ba, balle mu tambaye su me suke bukata.

Su wa nake nufi? Na farko mu ɗin nan. Poli tana nan tun 1979, ADSU tun 2002, ga Kwalejin Lafiya. Ɗalibi ya taso daga Taraba ko Gombe ko Borno ko Binuwai, ya kama haya, ya sayi katifa da bokiti da risho, ya hau keke, ya ci abinci, ya yi aski, ya yi fotokwafi, ya cire kuɗi a POS. Mai yawon buɗe ido kwana uku yake yi ya tattara ya tafi. Ɗalibi shekara biyu ko huɗu ko biyar yake yi. Mu yi lissafin misali kawai: a ɗauka ɗalibai dubu goma ne a gari, kowa yana kashe naira dubu ɗaya a rana. Naira miliyan 10 ke nan a kullum, miliyan 300 a wata, ban da kuɗin haya. Wanda yake ganin wasa ne, ya tambayi mai keke ko mai sayar da ƙosai yadda kasuwa ta kasance a 2022, lokacin da ASUU ta shafe wata takwas tana yajin aiki a jami'o'in ƙasar nan, ko kuma ya duba yadda unguwannin ɗalibai ke komawa kamar an yi shara da zarar an tafi dogon hutu.

Na biyu, mutanen kasuwar shanu. Kowane mako fatake suna shigo da dabbobi daga Kamaru da Chadi, masu saye suna zuwa daga Legas da Fatakwal da Anaca. Ga dillalai, ga direbobin tirela da yaransu, ga 'yan canjin sefa. Waɗannan mutane suna kwana, suna ci, suna sha, kuma da kuɗi a jikinsu. Na uku, iyaye da dangi masu zuwa ranar rantsar da sababbin ɗalibai da ranar yaye su. Na huɗu, masu ƙetarowa ta Sahuda su sari kaya su koma.

To tambayar ita ce: me garin ya tanadar musu? Direban da ya kwana biyu yana jiran lodi, ina zai yi wanka? Uwar da ta zo yaye 'yarta, ina za ta zauna ta huta, me za ta saya ta kai tsaraba wanda za a gani a ce wannan na Mubi ne? Garin da bai iya riƙe baƙon da ya zo da ƙafarsa ba, ta yaya zai riƙe wanda sai an yi talla an roƙe shi?

Kada wani ya ce ai Mubi ƙaramin wuri ne. Garin nan ya ga jiya ya ga yau. Ya zauna ƙarƙashin Jamus, ya koma hannun Ingila, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairun 1961 mutanen wannan yanki suka zaɓi zama a Najeriya, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. An yi Gongola a 1976, aka yi Adamawa a 1991, har yau kuma bayan Yola ba garin da ya kai shi hada-hada a jihar. Abin da ya riƙe shi duk tsawon lokacin nan ba gwamnati ba ce, mahaɗa ce: hanya ta haɗu da iyaka, makiyayi ya haɗu da manomi, Fali da Gude da Nzanyi da Fulani da Kamwe da Margi da Kilba da Hausawa kowa ya kawo nasa. Duk tsarin da bai fara daga nan ba, gini ne a kan yashin Yedzaram.

Mu ɗauki shanu. Saniya tana shigowa Mubi da rai, ta fita da rai. A loda ta a tirela, ta yi kwanaki a hanya tana ramewa, wata ma ta mutu kafin a isa. Can kudu ne za a yanka, can za a ci ribar nama, fata ta zama ganda, ƙashi da ƙaho da jini kowanne da mai sayensa. Mu abin da ya rage mana la'ada, da kuɗin shiga, da kashin shanu. Ban ce a hana lodi ba, ai sana'ar dubban mutane ce. Amma ko kashi kaɗan aka riƙe a nan, da mayanka mai tsafta da ɗakin sanyi mai aiki da sola, da masu kilishi da suka iya ƙunshe kaya a leda mai suna da kwanan wata, da majema, da masu tara madara, da ka ga inda mai digirin kiwon dabbobi da mai difilomar gyaran lantarki za su sami abin yi ba tare da sun tafi Abuja sun kwana a shagon ɗan uwa ba. Haka gyaɗa da wake da riɗi: buhu-buhu suke fita, su dawo mana a kwalba da tsada.

Kuma mun ga yadda dogaro da ƙafa ɗaya yake. An rufe iyakoki a Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. A farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, takardar naira ta yi ɓatan dabo, alhali cinikin dabba na kuɗi hannu ne. A Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi. Duk wanda yake garin nan a lokacin ya san yadda kowanne ya taɓa tukunyar gida.

Yanzu zancen yawon buɗe ido. Ba ina cewa ba mu da abin nunawa ba ne. Muna da shi, har ma ya fi na wasu. Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali, shi ne wuri na farko a duk Najeriya da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Kurmin Osun na Osogbo sai a 2005 ya biyo baya. A can akwai fadar Hidi da aka gina da dutse, da hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu har saman tsauni, da gonaki hawa-hawa, da wuraren narka ƙarfe na kaka da kakanni. Ga tsaunin Kamale a Michika. Ga jerin duwatsun Mandara da muke gani kullum daga tagar aji har mun daina ganinsu. A bayan waɗannan duwatsun, ta ɓangaren Kamaru, akwai Rumsiki, ƙauyen da ya shekara da shekaru yana karɓar Turawa saboda irin wannan shimfiɗar ƙasa, kafin rashin tsaro ya rage su.

Amma tsakani da Allah, a ajinku mutum nawa ne suka taɓa zuwa Sukur? Mutum nawa ne ma suka san a jihar nan yake? Sai ka ga ɗalibi ya shekara huɗu a Mubi, abin da ya sani daga ɗaki sai lakca, daga lakca sai kasuwa, sai tashar Yola ranar hutu. Ko Gella bai taɓa leƙawa ba. Idan mu da muke kwana a gindin dutsen ba mu hau ba, wa muke jira ya taso daga Faransa?

Na san abin da za a ce: tsaro. Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan magana ba. Ba mu manta da daren 1 ga Oktoban 2012 a Wuro Patuji ba, inda aka bi ɗalibai har ɗakunansu aka kashe. Ba mu manta da ƙarshen Oktoban 2014 ba, da Boko Haram ta kama garin har ta sauya masa suna, mutane suka bi daji da ƙafa, makarantu suka watse, sai a Nuwamba aka ƙwato shi. An kai hari masallaci a Nuwamban 2017, aka sake a ranar 1 ga Mayun 2018. Sukur ma bai tsira ba a 2014. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Har yau ɓangaren Madagali ba wurin da za a kwashi yara a mota a tafi kai tsaye ba ne, sai da shawarar jami'an tsaro da shugabannin wurin, kuma idan suka ce a dakata, a dakata.

Sai dai wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Baturen da ofishin jakadancinsa ya hana shi zuwa arewa maso gabas ba zai zo ba ko da an gina masa otal na zinariya. Wanda zai fara zuwa shi ne na kusa: ɗalibi, malami, ɗan bautar ƙasa, 'yan sakandare daga Hong da Gombi da Yola. Su ne za su ɗauki hoto, su ne za su gaya wa duniya an je an dawo lafiya. A yau ka rubuta sunan garin nan a intanet, labarin bam ne zai fara tarbarka. Ba kwamishina ne zai goge wannan ba. Dubban da ke gama karatu kowace shekara su ne masu kai labarin Mubi gidajensu. Wanda mai gida ya ninka wa haya ba ruwa ba banɗaki, labarin da zai kai daban. Wanda aka riƙe da mutunci, shi zai turo ƙaninsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Jihar Kuros Riba ta narka maƙudan kuɗi a Tinapa, aka buɗe a 2007 da kiɗa da rawa, daga baya shaguna suka zama kango, bashi ya rage. A jihar dai, bikin kanibal na Kalaba da aka fara a 2004, wanda jarinsa mutane ne da titi, har yanzu yana cika otal-otal duk Disamba. Argungu ma kogi ne da masunta, ba bene ba. Mutane abin da ke da rai suke zuwa kallo, gini daga baya yake biyowa.

To me za a yi? Ga nawa, kowa ya ƙara.

Ɗaya, furojet ɗinmu. Duk shekara ɗaruruwanmu muna rubuta babi biyar a kan abin da ba wanda zai karanta, wasu ma kwafowa suke a sauya sunan gari. Me zai hana sassa su haɗa kai da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu a raba aiki? Masu karatun tattalin arziki su ƙirga tirela nawa ke fita a mako. Masu nazarin ƙasa da safiyo su zana taswirar gidajen haya da rijiyoyi da wuraren da ruwa ke ci da damina. Masu kwamfuta su tara shi wuri guda. Masu tarihi da harsuna su zauna da tsofaffi a naɗi muryarsu kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ba a tsari ba alƙaluma, kuma mu ne arha mafi kusa.

Biyu, ƙananan abubuwa kafin manya: banɗaki da wurin wanka a tasha da kasuwar shanu, fitilar sola a layukan ɗalibai, kwashe shara, magudanar ruwa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne. To mu tambayi ciyamomi da kansiloli, cikin ladabi, a rubuce: mene ne shirinku na shekara uku?

Uku, rajistar gidajen haya. Ƙungiyoyin ɗalibai da masu unguwanni da masu gidaje su zauna a yarda da mafi ƙarancin abin da ɗaki zai kasance da shi kafin a karɓi kuɗi.

Huɗu, kasuwar baje koli a makon yaye ɗalibai. Iyaye suna gari, kuɗi yana gari. A ba mata masu man gyaɗa da zuma da tukwane da saƙa rumfa, kowace ƙabila ta fito da abincinta da rawarta.

Biyar, ziyarar ilimi sau ɗaya a zango, a fara da kusa. Ɗan jagora ya zama ɗan ƙauyen, abinci a saya a wurinsu, kuɗin shiga ya tafi asusun al'umma. Masu tsoron kada baƙi su ɓata tarbiyya, maganin ke nan: masu wuri su ne za su gindaya sharaɗi, su faɗi inda ake shiga da inda ba a ɗaukar hoto.

Wani zai ce, ni baƙo ne, takarda na zo karɓa, ina ruwana? Ɗan uwa, ruwanka ne. Garin da ya ci kuɗin hayarka shekara huɗu, sunansa ne a kan takardar da za ka nuna har ƙarshen rayuwarka. Idan ya yi daraja, ta yi. Ku kuma 'yan gari, ɗaliban nan ba shanun tatsa ba ne, su ne kasuwarku mafi daɗewa.

'Yan ajin ƙarshe da ba su zaɓi taken furojet ba tukuna, ga dama. Shugabannin ƙungiyoyin sassa, wa zai fara kai wannan magana gaban shugaban sashensa a wannan zangon? Wanda kuma yake ganin otal ɗin ne dai farko, bismillah, ya kawo hujjarsa, ina saurare.

Allah ya zaunar da Mubi lafiya.