Ƙoƙon Bara Ba Gadon Gurgu Ba Ne

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Je ka tashar Birnin Ƙonni ran kasuwa. Za ka ga yaro gurgu riƙe da ƙoƙon bara, tsaransa kuwa suna lakwal. Wa ya aiko shi? Mu iyaye.

Muna cewa ƙaddara ce. To, ƙafa ce ta shanye, kai lafiya lau. Da ƙafa ake riƙe alƙalami?

Dokar ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne. Ba ta ware gurgu, makaho ko kurma ba.

Wani zai ce lakwal da nisa. Gaskiya ne. Amma amalanken da ke kai albasar Galmi kasuwa, ya kasa ɗaukar yaro ɗaya?

Mushe, kai ma da laifinka. Yaro ya yi wata bai zo ba, ka soke sunansa, ba ka taka gidansu ba.

Ku da kuka koyi karatu da girma, kun san zafin dangwala yatsa a takardar da ba ku san abin da ke ciki ba. Daga Malbaza har Illela, kada ku bar wa ɗanku wannan gado. Ku kai shi lakwal bana.