INA RABIN AJIN 'YA'YAN LEBURORIN SHARAƊA?

 

Babban kaso na arzikin da Kano take tinƙaho da shi daga gumin mutanen Sharaɗa da Challawa da Bompai yake fitowa: masu jimar fata, masu narka roba, masu ɗinkin buhu, 'yan dako, da matan da suke wuni a durƙushe suna gyaran riɗi da zoɓo. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, da lalacewar wutar lantarki da ta biyo baya, masana'antu da dama suka rufe ƙofa, waɗanda suka rage kuwa yawancin aikin da suke bayarwa na yini ne, in an yi a ci, in ba a yi ba a kwana da haƙuri. Uba ya fita tun da asuba, uwa tana wajen nema. To, ɗansu mai shekara huɗu ko biyar yana ina? Yana bakin kwata yana wasa da dagwalo, ko yana biye da yayarsa mai farantin talla tsakanin manyan motoci. A daidai wannan lokaci ɗan mai masana'antar yana zaune a kan kujera, da malama a gabansa.

Abin da yawancin iyayen nan ba su sani ba, kuma babu wanda ya damu ya sanar da su, shi ne cewa wannan yaro yana da kujera a doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara da karantar da su a cikin ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan ilimi, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ƙara fayyacewa: shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, kyauta, a cikin firamaren gwamnati. Wannan shi ne abin da iyayenmu suke kira rabin aji, inda a da ake ajiye yaron da hannunsa bai taɓo kunnensa ba. A nan Kano an shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya kuma faɗa da bakinsa cewa miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama.

Ashe dai ba takarda muka rasa ba. In har 'yan aji shida a ƙasa suke zama, wane hali ake zaton ɗan rabin aji yake ciki? Inda aka buɗe ajin, sau da yawa ɗaki ne guda da aka cusa yara kamar kaji a akurki, aka haɗa su da malamin da ba a taɓa koya masa renon ƙananan yara ba, ba ruwan sha, ba makewayi. Da sun gaji da kuka sai a sallame su. Inda ba a buɗe ba kuwa, sai a ce wa uba ya dawo in yaro ya kai shida. Kuma idan aka yi wa aji ɗaya fenti sai an kira 'yan jarida da maroƙa, kamar daga aljihun wani aka ciro kuɗin.

Muna tunatar da masu mulki abin da ya faru a Madina a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Wani ayarin fatake ya sauka, shi da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu, sai ya riƙa jin kukan jariri har dare ya raba. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ba ta san ko shi wane ne ba, ta gaya masa yaye take yi wa yaron tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da aka idar da sallar asuba ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabonsa tun daga haihuwa, ya kuma aika da umarnin zuwa sauran garuruwa. Ku lura, bai zargi matar da rashin tarbiyya ba, bai kafa kwamiti ba. Ya ga ƙa'idarsa ce take sa yaro kuka, sai ya canza ƙa'idar kafin rana ta fito. Wannan shi ne matsayin ɗan talaka a dukiyar al'umma a wajen magabata na ƙwarai.

Sai dai ba hukuma kaɗai muke yi wa raddi ba. Akwai shubuhar da take yawo a cikinmu, cewa wai makarantar ƙananan yara al'adar Turawa ce, wai uwa ita ce makarantar farko, saboda haka a bar yaro a gida. Gaskiya ne uwa ita ce makaranta ta farko. Amma wace uwar? Wadda aka hana karatu tun tana ƙarama, abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta faɗa da malaman zamaninsa a kansa? Ko wadda tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin mai a 2023 ta fitar da ita neman abin ɗora tukunya? Kuma tun yaushe kai yaro ƙarami gaban malami ya zama baƙon abu a ƙasar Hausa, alhali da yawanmu ba mu wuce shekara huɗu ba aka rubuta mana allon farko? Abin mamaki, mafi yawan masu wannan magana 'ya'yansu suna makarantun kuɗi tun suna shekara uku, da jaka da ɗan kwanon abinci. Halal ga ɗan mai hali, abin ƙyama ga ɗan lebura? Subhanallah!

Haka nan masu cewa ai makarantun Islamiyya na zamani sun wadatar. Allah Ya saka wa waɗanda suka gina su, amma a faɗi gaskiya, masu ajin renon yara a cikinsu kuɗi ake biya, ga kuɗin kayan makaranta, ga na littattafai. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, leburan yini kuwa da yawa ko ƙamshinsa ba sa ji. Mai 'ya'ya biyar a ɗakin haya zai ciyar ne ko zai biya kuɗin zango? Ko Amurka, uwar jari-hujja, tun 1965 ta kafa shirin Head Start tana karantar da 'ya'yan matalauta kafin firamare da kuɗin gwamnati, tare da ba su abinci da duba lafiyarsu.

Tsoron da yake da tushe guda ne: me za a zuba a ƙwaƙwalwar yaron? Wanda ya san halin wasu makarantun kuɗi ya san ana sa yara haddace waƙe-waƙen da su ma malaman ba su san ma'anarsu ba, ana kuma tsawata wa yaro don ya yi Hausa. Maganin wannan shi ne mu shiga mu tsaya a kai. Yaro ɗan shekara biyar a yi masa magana da harshen da yake fahimta, a koya masa gajerun surori, da addu'ar cin abinci da ta shiga makewayi, da gaisuwa, da wanke hannu, da ƙirga, da baƙaƙen boko da na Larabci. Wanda ya ƙaurace wa ajin ba shi da bakin cewa an ɓata shi.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa na rassan Sharaɗa da Challawa da Bompai. Kowace firamaren gwamnati tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, ku nemi shiga. Ku tambayi shugaban makaranta cikin ladabi: akwai rabin aji? Yara nawa ne a ciki, malamai nawa, kuma nawa ake karɓa a hannun iyaye da sunan wani abu daban? Ku bi gida-gida, 'yan'uwa mata su shiga wajen matan aure, a ƙidaya 'yan shekara biyar da ba sa zuwa ko'ina. Limamai su yi bayanin wannan haƙƙi a kan mumbari. Masu masana'antun da suke halartar wa'azinmu a gaya musu ido da ido cewa tabarmi da randar ruwa da makewayi guda ba za su karya jarinsu ba. Abin da aka tattara a rubuta shi, a sa hannu, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a aika da kwafi ga hukumar SUBEB, a riƙe kwafi ɗaya a ofishin reshe da kwanan watan da aka miƙa shi, kafin a buɗe zango mai zuwa.