Zancen Asusu: Rage haraji zai kawo wa ƴaƴanmu aiki?

 

Tun da aka ji cewa Najeriya ta yi sabuwar dokar haraji, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, zancen ya shigo tarukanmu daga Ƙonni har Galmi. Dokar ta ce wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, ba zai biya harajin kuɗin shiga ba. Sai wasu daga cikinmu suka ce: to, da mu ma an yi mana haka, ai da samarinmu sun samu aiki, sun daina tafiya cin rani. Mu duba maganar a tsanake.

Ga hujjar masu cewa a rage: in gwamnati ta bar wa mutum kuɗinsa, zai ƙara saye ko ya ƙara jari, mai shago ya ɗauki yaro, mai masana'anta ya ɗauki leburori. Akwai gaskiya a ciki. Malami ko malamin asibiti in albashinsa ya ƙaru, mai tuwo da mai ƙuli-ƙuli za su gani a cinikinsu.

Amma wa yake biyan wannan harajin a nan? Harajin albashi, wanda ake kira ITS, ana cire shi ne daga albashin ma'aikaci tun bai shigo hannunsa ba. Ku ƙirga cikin ƙungiyarku: mace nawa ke da albashi? Mijin wa ke da shi? Mafi yawanmu noman albasa ne, kiwo, sai saye da sayarwa. Ko an soke ITS baki ɗaya, aljihunmu ba zai ji ba sai ta hannun wani.

Kuma ba kullum lissafin ke fita ba. A jihar Kansas ta Amurka, a 2012, gwamna Sam Brownback ya zaftare harajin kuɗin shiga, ya ce ayyuka za su ɓarke. Ayyukan ba su zo yadda aka yi alkawari ba, baitulmali ya rame, makarantu suka shiga matsi. A 2017 ƴan majalisar jihar, har da na jam'iyyarsa, suka maido da yawancin harajin. Mu kuwa mun san in kuɗin gwamnati suka ƙare, wa ke fara ji: mai haihuwa a likita da yaron da ke karatu a rumfar kara.

Akwai ragin da muka gani da idonmu. A watan Oktoban 2024, bayan ambaliya ta rusa gidaje, hukumomi sun sauƙaƙa wa kamfanonin siminti haraji, aka kuma karya farashin siminti da wajen kashi 35 cikin 100. Siminti kuwa a ƙofarmu ake yin sa, a Malbaza. Abin lura shi ne, ba a ce "ga rangwame, ku yi abin da kuka ga dama" ba. An ɗaura shi da sharaɗi: farashi ya sauka. In buhu ya yi sauƙi, mai gini ya samu aiki, mai buga bulo ya samu, mai amalanken ruwa ya samu, ke mai kai musu fura ki samu.

Mu kuma tuna rufe iyaka na 2019 da na 2023. Ba a ƙara wa kowa harajin albashi ba, amma kasuwar Ƙonni ta yi sanyi, ƴan dako da ƴan kabu-kabu suka zauna. Ashe mai saye da buɗaɗɗiyar hanya su ne uwar aiki.

To, wane haraji ne namu? Tikitin kasuwa, patanti, lanho, da ɗan abin da ake karɓa a hanya ba takarda. A misali, mu 30 ne, kowace tana biyan sefa 100 ranar kasuwa: jika 3 ke nan a mako, jika 156 a shekara. Wannan ya isa jarin mata da dama. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maradi a 1991, da irin waɗannan ƙananan kuɗi mata ke tada sana'a.

Ba mu ce kar a biya ba. Da kuɗin nan ake share kasuwa, a yi rumfuna. Abin da muke so kowace ƙungiya ta yi cikin watan nan shi ne: duk wadda ta biya wani abu ta karɓi takarda, sakatariya ta rubuta a littafi, tikiti daban, na hanya daban. In wata uku sun cika, mu haɗa lissafin Ƙonni, Malbaza da Illela, mu zaɓi wakilai su kai ma'aikatar magajin gari. Mu roƙi a ɗaga wa sabuwar mai sana'a ƙafa a shekararta ta farko, a kuma nuna mana inda kuɗin tikiti ke tafiya.

Duk ranar da aka zo muku da zancen rage haraji, ku tambaya: wa za a rage wa, kuma me aka sharɗanta masa?

Allah ya sa albarka a asusunmu. Sai fitowa ta gaba.