Kurfotin Inna ba na kilo ba ne

1/ Jiya da yamma saura ƙiris a yi ɓarna a gidanmu na Dawakin Kudu. Ina shigowa na tarar ƙanina ya jawo tsohon kurfotin Inna har ƙofar gida, ɗan gwangwan ya riga ya rataya shi a sikeli. Zare ne, ku ba ni minti biyar. 🧵

2/ Kuɗin da aka taya bai kai na datar wata ɗaya ba. Inna ta leƙo ta ce, "Maigidan, kana tsaye za a sayar da abin da ya girmi ubanka?" Na ce, "Amarya, kwantar da hankalinki." Na ba ɗan gwangwan haƙuri, na saya wa yaron data, kurfoti ya koma ɗaki.

3/ Ra'ayina ke nan tun daga farko: tsohon ƙarfen zubi da ke gidajenmu, kurfoti ne, tukunya mai ƙafa uku ce, ko dutsen guga mai zakara, ba shara ba ne. A gyara shi a ci gaba da mora. Amma akwai sharaɗi, kuma na rai da mutuwa ne. Zan zo kansa.

4/ Ga 'yan zamanin gas da ba su san kurfoti ba: murhun gawayi ne. Sama kwano mai faɗi inda ake zuba gawayi, tsakiya raga, ƙasa gindi mai ƙofa inda iska ke shiga toka ke zuba. A kansa ake shayi da ɗumame, da hunturu kuma shi ne abin jin ɗumi.

5/ Na Inna ba maƙeri ne ya buga shi da guduma ba. Narkar da ƙarfen aka yi, aka zuba a ramin yashi mai siffar abin da ake so, ya daskare. Shi ne ƙarfen zubi, masu walda na ce masa kas. Kabon ɗin cikinsa ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari.

6/ A 1707 wani Bature a Ingila, Abraham Darby, ya yi rajistar dabarar zuba tukwanen ƙarfe a yashi, tukunya ta yi araha. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, irin waɗannan kaya suka ƙara samun hanyar shigowa kantuna, daga nan sai ɗakunan kakanninmu.

7/ A ƙasashen ƙanƙara da wannan ƙarfen suke yin murhun ɗumama ɗaki. Kamfanin Jøtul na Norway tun 1853 yake, har yau yana zubi. Can akwai masu sana'ar gyara murhun da ya haura shekara ɗari su sayar da tsada. Mu kuma namu muna ɗora shi a sikeli. Kai jama'a!

8/ Kar wani ya ce ai mu ba mu da sanyi. Zo ka kwana a Kadawa ko Bunkure a watan Janairu. Ruwan Tiga na gudu a kwalbatoci, gonakin alkama da tumatir a jiƙe, iskar hunturu na busowa ta kai. Tambayi mai fita ban-ruwa da asuba ya hannunsa yake ji.

9/ Kurfotin yanzu na falle ne ko na waya. Da wuri yake zafi, da wuri yake hucewa, bayan hunturu ɗaya ko biyu gindin ya cinye. Na zubi kuwa sai a hankali yake ɗauka, amma ko garwashi ya mutu jikinsa na nan yana ba da ɗumi.

10/ To ya za ka gane na gidanku na zubi ne? Na ɗaya, nauyi: ɗaga shi, sai ka ji kamar an ɗaure shi da ƙasa. Na biyu, mayen ƙarfe: in ya manne, ƙarfe ne, in ya zame, alminiyam ne, irin tukwanen da ake zubawa da gwangwanin lemo.

11/ Na uku, shafa jikinsa. Za ka ji gurzi-gurzi kamar yashi, ka ga wani siririn layi inda ɓari biyu na zubin suka haɗu. Ba za ka ga ɗinkin walda ba. In akwai lamba ko suna, rubutun a kumbure yake, tare aka zubo su. Ɗauki hotonsa kafin ka taɓa komai.

12/ Na huɗu shi ne mai muhimmanci: rataye shi, ka ɗan ƙwanƙwasa da cokali. Lafiyayye zai yi ƙara ta ɗan ja. Mai tsaga sai ka ji "ƙwap" kamar fasasshiyar ƙwarya. Na Inna ya yi ƙara, raga ce kawai ta karye. Sauran duk tsatsa ce da kashin kaji.

13/ Gyara. Kwashe toka tas, domin toka in ta sha laima ita ke cin ƙarfe. Sa burushin waya ka kankare. Inda tsatsa ta kafe, jiƙa shi a ruwan tsamiya ko ruwan khal da aka sirka, kana dubawa. Kar ka bar shi kwana da kwanaki, tsami na cin ƙarfen shi ma.

14/ Ɗauraye, ka busar nan take a rana ko kan wuta kaɗan, in ba haka ba kafin magariba tsatsa ta dawo. Sai ka shafa man gyaɗa siriri, ka goge, ka gasa shi har ya yi baƙi. Sau biyu ko uku. Ni dai da na gama, Inna cewa ta yi na sauya mata wani.

15/ Abubuwa uku da ba a yi: fentin ƙofa, domin yana ƙonewa ya ba da hayaƙi mai guba. Baƙin mai ko ruwan batir, balle a tukunyar abinci. Sai kuma watsa ruwan sanyi yana da zafi. Kas ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Haka in ya faɗo kan siminti.

16/ In ya tsage, ba kowane mai walda ba. Tambaye shi, "Malam, kana ɗinkin kas?" Wanda ya sani zai nemo sandar walda mai nikel, ya fara ɗumama ƙarfen, ya ɗinka kaɗan-kaɗan, sannan ya binne shi a yashi ko toka ya huce a hankali. Mai gaggawa sabuwar tsaga zai ƙara maka.

17/ Ragar kuwa ba sai an wahala ba. Na kai wa maƙeri awo, ya yanko rodi ya haɗa mini sabuwa. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Aikin yini ɗaya, abin da aka so narkarwa ya dawo bakin aiki. Da tsohuwar zuma ake magani, ba ƙarya.

18/ Yanzu ga sharaɗin da na ce. Murhun Turawan nan rufaffe ne, yana da bututu da ke fitar da hayaƙi ta rufin ɗaki. Kurfoti ba shi da bututu. Duk abin da gawayi ya fitar, a ɗakin yake zama, kai da 'ya'yanka ku shaƙa.

19/ Abin da yake fitarwa sunansa kabon monoksaid. Ba launi, ba wari. Kuskuren da muke yi shi ne mu ce "ai hayaƙin ya ƙare, garwashi ya yi ja, a shigo da shi." Jan garwashin nan da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Tana shiga jini ta tare wurin iskar numfashi.

20/ Ba labari aka ba ni ba. Ina ɗan sakandare muka rufe ƙofa da taga, muka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ga kasko a tsakiya. Cikin dare na farka kai kamar zai tsage, ga jiri ga amai, ƙafa ta ƙi ɗaukata. Allah ya sa yayana ya iya jan jiki ya buɗe ƙofa.

21/ Da safe wasu suka ce iska ce ta taɓa mu. Iska ce kam, amma ba ta aljanu ba. In ka ga mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai da jiri ga wuta a ciki, buɗe ko'ina, fito da su waje, a wuce asibiti. Ba a jira gari ya waye.

22/ Saboda haka mazaunin kurfoti tsakar gida ne, ko rumfa, ko zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa. Ɗora shi kan bulo ko yashi a daidai, ba kan leda ko tabarma ba. Nesa da labule, katifa da yara masu rarrafe. Nesa da jarkar fetur ɗin injin ban-ruwa, don Allah manoma.

23/ Kuma ba a kwana da shi a ɗaki. Ko taga a buɗe take, ba a kwana da shi. A ji ɗumi a waje, a sha shayi, a yi hira, a rufe garwashi da toka a bar shi can. Dare na bargo ne da rigar sanyi. Mai jego da jariri da tsofaffi su suka fi saurin galabaita.

24/ Na san masu cewa gawayi na cinye mana itatuwa, a koma gas. Gaskiyarku, kuma wanda ke da hali ya koma. Amma gidajen da har gobe gawayi za su hura fa? Gara murhun da ke riƙe zafi, da na falle da za a riƙa sauyawa.

25/ Na kuma san wani yunwa ce ke sa shi sayarwa, ba data ba. Wannan ba ni da bakin yi masa faɗa, haka ɗan gwangwan, sana'arsa yake. Sai dai ka sani: farashin kilo farashin narkarwa ne. Mai shayi ko mai tuyar waina da ya san kas zai iya ba ka abin da ya fi haka.

26/ Ƙalubale ga matasanmu masu walda da 'yan kwalejin kimiyya: ga ɓuntun shinkafa nan tsibi-tsibi a Kura. Wa zai ƙera mana rufaffen murhu mai bututu da zai ci shi, ya ɗumama ɗaki hayaƙi na fita waje? Rabin ilimin na jikin kurfotin kakarka, je ka duba yadda iska ke shiga.

27/ Daren jiya dai a rumfa muka yi hira, shayi na tafasa a kan kurfoti, ƙanin nawa shi ke fifita. Ku leƙa bayan ɗaki da ƙarƙashin gadon tsofaffinku, ku turo hoton abin da kuka samu, mu taya juna ganewa. Allah ya raba mu da gobara da sharrin hunturu. Amin.